Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar shiga aiki a Tasawa, ni ce matar nan da ke yawo ƙauye-ƙauye da ƴar tsana ta roba cikin jaka. Waɗanda suka daɗe a wannan shafi sun san aikina, amma saboda sababbin zuwa bari in faɗa a taƙaice. Na yi karatu a Yamai kan yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa tun yana ciki har ya isa shiga lakol, wato makarantar boko. Da na dawo gida sai wata ƙungiya ta ɗauke ni in riƙa kai wa iyaye mata da malaman ƙananan azuzuwa abin da masu bincike suka gano. Abin kuwa ba mai wuya ba ne. Jariri na buƙatar magana kamar yadda yake buƙatar nono. Ki yi mashi magana, ki jira ya yi ɗan gwarancinshi, ki amsa mashi, ki kira sunanshi ya waiwayo. Wannan ba-ni-in-ba-ka ɗin shi ke shimfiɗa hanyoyin da ƙwaƙwalwa za ta bi ran da yaro ya zauna a aji gaban tablo, allon nan na bango.

Yau muna Korgom, jibi muna Gidan Amumune. A shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawo, mata su taru, ni kuma in fiddo ƴar tsanata in ɗora bisa cinya, in yi ta mata daɗin baki, ina kiranta, ina dariya, ina jiran amsarta. Ba zan ɓoye maku ba, lokacin kaina a kumbure yake. Gani nake duk matan Tasawa da Mayahi ni suke jira in zo in buɗe masu ido.

To duk wannan wasan da nake da roba, ɗana yana goye a bayana.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin maigidana aka sa mashi. Kun ga kunya biyu ta haɗu wuri guda. Ga shi ni ƴar lakol ce, tun ranar da aka kawo ni na san akwai masu zuba ido su ga ranar da karatu zai fitar da ni daga tarbiyya. Sai na ɗaura aniyar ba wanda zai samu abin faɗa a kaina. In aka tambayi lafiyar yaron sai in sunkuyar da kai. In dole sai na ambace shi, in ce "wannan" ko "yaron nan". Wata rana a Korgom, ina tsakiyar yi wa ƴar tsana kirari, wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, wagga ta roba dai ta yi dacen uwa. Na bayan naki fa, na maƙwabta ne kika aro?" Mata suka kwashe da dariya har da tafi. Ni ma na yi dariyar, na ce mata ai ta sani, ɗan fari ne. Suka ce madalla, ashe lakol bai lalata ni ba. Daɗin da na ji ranar, Allah ya yafe mani.

Kada ku ɗauka ban kula da shi. Gidan haya muke, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Maigidana mushe ne, wato malamin lakol, a wani ƙauye, sai Juma'a da yamma yake shigowa, Litinin da asuba ya koma, shi ma kuma kunyar sunan ubanshi ta fi tawa. Saboda haka yawancin kwanaki daga ni sai yaron. Ina rufe ƙofa in zaunar da shi gabana, fuska da fuska, in fiddo katunan hotuna na wurin aiki, ga akuya, ga mota, ga ludayi. Yawanci ma da Faransanci nake mashi surutun, don Faransanci ba shi da surukai. Yana kallon bakina, yana dariya, yana miƙo hannu. Amma sunanshi, wallahi ko ni kaɗai ce cikin ɗaki bai taɓa fita daga bakina ba. In ina son shi, sai in tashi in je inda yake, in dafa kafaɗarshi.

Ya shekara, ya yi tafiya da wuri, haƙora suka fito. Magana shiru.

A wurin aikinmu akwai wata takarda da muke cikewa kowane yaro, layi-layi, kowane layi da ɗan akwati a gabanshi, a sa alamar e ko a'a. Yana zama? Yana nuna abu da yatsa? Yana waiwayowa in an kira sunanshi? Yana faɗin kalma ɗaya ko biyu? Na cika wa ƴaƴan mutane wannan takarda ban san iyaka ba. Da ɗana ya kai wata goma sha takwas na ɗauko guda a ɓoye na zo da ita gida. Ina zuwa layin suna ban ko tsaya ba na sa e. Ai yana ji. In baban ya shigo da moto, babur ɗinshi, yana juyawa. In iska ta buga ƙofar langa-langa yana zabura. In yana kuka a bayana na yi magana, yana yin shiru. An yi wani lokaci, yana wata tara, kunnenshi ya yi ruwa, aka ba mu maganin ɗigawa a likita, wato asibiti, ruwan ya tsaya, na manta da zancen. Layin kalmomi ne kawai ya rage fayau ba alama, shi na zauna ina kallo har alƙalamin bik ɗin ya bushe a hannuna.

Daga nan hankalina ya fara tashi. Ɗiyar maƙwabciyata, wadda ya girme ta da wata huɗu, ta fara leƙo ƙofa tana roƙon biskit, tana cewa "Madam, ba ni gato." Duk ta faɗa sai in dubi nawa. Ilimi kuma wani lokaci azaba ne. Mace da ba ta yi karatuna ba za ta ce jinkirin baki ne, ta ci gaba da dakanta. Ni kuwa na san sunan kowace cuta da ke hana yaro magana, na san wadda ake warkewa da wadda ba a warkewa, na kuma san abin da nake faɗa wa mata kullum, cewa shekarun farko in sun wuce sun wuce. Ina cikin koyarwa sai maganata ta juyo ta soke ni. Abinci ya daina shiga, zane ya fara yi mani yawa.

Na gaya wa maigidana. Ya ce, "Ke dai kin cika bincike. Ni ma an ce sai da na shekara uku na yi magana, ga shi yanzu da baki nake ci." Wata ta ce a kai shi wurin wanzami ya duba ƙarƙashin harshe. Wata ta ce rubutu za a yi mashi ya sha. Akwai abokiyar aikina da ta fi ni sanin waɗannan abubuwa, tebur ɗinmu ɗaya a biro, ofishinmu ke nan, sau uku ina buɗe baki in gaya mata ina fasawa. Da wane ido zan ce mata ɗan mai koyar da magana ba ya magana?

Ana haka lokacin yaye ya zo. Kun san yadda ake, a kai yaro wurin kakarshi har ya manta da nono. Ni a karatuna ban yarda da raba yaro da uwa rana ɗaya ba, na so in yi gardama, sai ga takarda an tura ni Maraɗi ƙarin horo na sati biyu. Dole na ɗauke shi muka nufi ƙauyenmu, can gaba da Kanan-Bakashe, wurin mahaifiyata.

Jama'a, ku ji abin da na kai wa tsohuwar da ta raini yara tara. Na kai mata katunan hotuna, na kai mata littafi mai zanen dabbobi, na kuma zaunar da ita ina jera mata doka. Da safe a nuna mashi kati biyar. A riƙa kallon idonshi in ana magana. A bar shi ya amsa. Inna ta saurare ni har na gama, tana tsinke zogale, ta ce, "To Madam, mun ji. In ya ci jarabawa sai mu aiko maki." Ta jawo shi jikinta ta ce, "Zo nan maigida, rabu da ita. Kai ne angon nawa da ba ka kawo ko goro ba?" Na fita da sauri don kada ya ga tafiyata, na yi kukana bisa moto.

Inna tana da ƴar salula, amma ba ta taɓa kiran kowa da ita ba. Sai dai ta latsa ta kashe, kai ka kira. Ranar kwana na goma a Maraɗi, muna cikin aji wajen hantsi, wayata ta yi ƙara ba ta tsaya ba. Na duba na ga ita ce. Na fita waje na ɗauka.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ci tuwo, ya sha fura, yana nan yana ɓarna. Ki taho dai."

"Zazzaɓi ne? Faɗuwa ya yi?"

"Na ce maki lafiya lau. Ba maganar waya ba ce. Ki taho."

Ta kashe. Ban ko koma na ɗauki kaye ɗina na rubutu ba. Na samu motar Mayahi, na zauna ana jiran ta cika, kowane fasinja da ya tsaya ciniki ji nake kamar in shaƙe shi. A hanya babu abin da ban saƙa ba. Na ce rijiya ce. Na ce wuta ce. Na ce ya rasu ne, ana lallaɓa ni in iso, don haka ake yi. Daga Mayahi na hau kabu-kabu, yashi ya yi ta kama ƙafar moton, mu sauka mu tura, mu sake hawa. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina zuba kunne tun daga nesa ko zan ji kuka a garin.

La'asar ta yi muka shiga. Ba taro a ƙofar gida, ba tabarmi. Na yi sallama na faɗa ciki, sai ga shi zaune tsakar gida, ya ba ƙofa baya, yana cika gwangwani da ƙasa yana juyewa. Na yunƙura zan je in ɗauke shi, Inna ta riƙe mani hannu.

"Tsaya nan. Kada ki bari ya gan ki."

Ko ruwa ba ta ba ni ba. Ta tsaya bayanshi, tazarar taku biyar, ta ɗaga murya. "Maigida!" Bai motsa ba. "Angona, ga amaryarka!" Yana ta zuba ƙasarshi. Sai ta kira sunanshi na yanka, ɓaro-ɓaro, sau biyu, har kajin gidan suka watse. Ko gezau.

Na ce, "Inna, wasa ne ya ɗauke mashi hankali. Haka yara suke."

Ta je ga turmi ta ɗaga taɓarya ta sake ta, dum. Ya juyo.

"Kin gani!" na ce, har da tsalle. "Yana ji!"

"Da gindinshi ya ji," in ji Inna. "Ƙasa ce ta motsa. Koma bayan rumbu, bai gan ki ba."

Ta bari ya koma ga wasanshi. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo alewa cikin leda, ta matsa dab da ƙeyarshi tana murza ledar. Ku da kuke da yara kun san wannan ƙara, tana tayar da yaro daga barci. Ɗana bai ɗago kai ba.

Nan ta zaunar da ni ta ba ni labari. Shekaranjiya da yamma shanu na dawowa daga kiwo, ya sulale ya fita ƙofar gida ya tsaya tsakiyar hanya, ya ba su baya. Mutanen da ke zaune bakin masallaci suka yi ta ihu, mata na ihu ta kan darni, shi yana tsaye yana kallon wata ƴar tsuntsuwa. Wani dattijo ne ya ruga ya fizge shi, saura kaɗan. Ta ce tun kwana na biyu da zuwanshi take zargi, don in ta zage shi ta gaba yana dariya, in ta zage shi ta baya kamar da bango take. Amma ba ta so ta tayar mani da hankali sai ta tabbata.

Sai ta dube ni ta ce, "Ke in kin kira shi yana waiwayowa?"

Na kau da kai.

"Da ke nike."

Na ce, "Ban taɓa kiran shi ba."

"A gaban mutane. Na sani. A ɗaki fa?"

"Ko a ɗaki."

"Uban fa?"

"Shi ma."

Inna ta saki baki tana kallona, ta tafa hannu ta yi salati. Na zaci yabo zai biyo baya, don ai tarbiyyarta na riƙe. Ina! Faɗa ta rufe ni da shi, irin wanda rabona da shi tun ina budurwa.

"Ke wace irin sakarya ce? Kunya ai ta idon mutane ce! Wa ya ce maki mu ba mu kiran namu? Yayanku da kike gani, har yau ban kama sunanshi a tsakar gida, amma yana jinjiri in na shiga ɗaki na saki labule, kiran shi nike har ya gaji. Kuma ko ban kira ba, gidan ga baki nawa ne? Kakarshi na kira, gwaggonninshi na kira, yaran gida na kira, kafin rana ta faɗi an kira shi sau ɗari. Ku kun je birni kun kulle kanku gidan haya, ku biyu, kuna kunyar bango. Wa kuke so ya kira maku shi?"

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne ɗan akwatin nan da na sa wa e. Da ɗan wata ne, da na sa uwar ta zagaya bayanshi ta kira shi a gabana kafin in taɓa takardar, don haka aka koya mani, haka kuma nake yi. A kan nawa ɗan ne kawai na amsa tambayar da ban yi ba.

Washegari muka kama hanyar Maraɗi, ni da shi da Inna, wadda ta ce ƙafarta ƙafata. Maigidana ya same mu can, fuskarshi duk ta faɗa. Muka yi layi a babbar likita wurin mai duba kunne. Na riga na ƙudura ba zan faɗi aikina ba, zan shiga a matsayin uwa kawai. Likitan, wani mai furfura da ba ya gaggawa, ya leƙa kunnen hagu da ƴar fitilarshi, ya daɗe. Ya leƙa na dama. Ya tambaya ko kunnen ya taɓa ruwa, na ce e, yana wata tara. Ya ce an dawo da shi an sake dubawa bayan ruwan ya tsaya? Na ce a'a. Ya ce tun yaushe ya daina amsa kira? Na ce ban sani ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Madam tana aiki?"

Kafin in yi ƙarya Inna ta cafe. "Ƙwarai kuwa. Ita ce mai koya wa mata yadda ake rainon ƙwaƙwalwar yara. Har Yamai ta yi karatu."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Likitan ya ci gaba da rubutunshi kawai, kuma wannan ya fi mani zagi ciwo.

Bayan gwaje-gwaje ya yi mana bayani. Ciwon kunnen nan bai tafi ba, ɓoyewa ya yi. Na hagu ya daɗe yana ci, ya yi ɓarna mai yawa. Na dama ruwa ne ya taru a ciki ya toshe, shi ya sa yake jin ƙara mai nauyi kamar moto da ƙofa, amma maganar mutum ba ta isa gare shi sai dai ya kalli baki. Ya ce na dama akwai fata, na hagu kuwa kada mu sa rai da yawa. Ya rubuta magani, ya ba mu ranar dawowa, ya ce in ruwan bai janye ba sai an yi ɗan aiki. Sannan ya ba ni aikin gida. Kullum in tsaya bayanshi inda ba ya ganina, in kira sunanshi da muryar da nake magana, ba da ihu ba, in rubuta ranar da ya juyo.

Inna ta biyo mu Tasawa. Safiyar farko na tsaya bayanshi a tsakar gida, ita tana zaune bakin murhu, maigidana yana ɗaure kaya bisa moto. Na buɗe baki, sunan ya maƙale. Wallahi kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Sunan surukina ne fa, ga ɗanshi tsaye, ga uwata zaune. Inna ta ce, "In kira maki maƙwabta su taya ki?" Na runtse ido na faɗa. Muryata ta fito ƴar siririya. Maigidana ya tura moto ya fita ba ko sallama. Yaron bai juyo ba.

Bai juyo ranar ba, bai juyo washegari ba. Sati ya wuce, na biyu ya wuce. Kullum in kira, in rubuta a'a. Na ɗauki hutu a wurin aiki, don na kasa tsayawa gaban mata da ƴar tsana. Tsoron da ke cina shi ne ko na makara, ko ƙofar da nake ce wa mutane tana rufewa ta riga ta rufe a kan nawa ɗan, ni ina tsaye ina gadin mutuncina. Juma'a ta biyu maigidana ya dawo, na ji shi bayan ɗaki, ya ɗauka ba kowa, yana kiran sunan ubanshi a hankali. Ban fito ba, don kada ya daina.

Muka koma randebu ranar da aka ba mu, likitan ya ce ruwan ya ƙi janyewa, aka yi ɗan aikin a kunnen dama. Awa ɗaya da na yi a bakin ƙofar nan ba na fatan ta ga maƙiyina. Muka dawo gida da auduga a kunne da sababbin dokoki.

Kwana shida bayan haka, da safe, ina shara. Yana tsugune bakin randa yana wasa da moɗa, ya ba ni baya. Ban ma shirya gwaji ba, tsoro na ji kada ya jiƙa kunnen. Sunan ya fita da kanshi. Sai na ga ya tsaya cak. Ya juya dama, ya juya hagu, yana neman inda abin ya fito, sannan ya waiwayo gaba ɗaya ya dube ni, da mamaki a fuskarshi. Na yar da tsintsiya na zauna a ƙasa. Na sake kira, ya yi dariya. Na sake. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "To ya isa, kada ki ƙarar da sunan, ki rage wa gobe." Amma na ga tana goge ido da bakin kallabi.

Magana ba ta zo nan da nan ba. Sai da muka yi watanni muna fama, ni da abokiyar aikin nan tawa da a ƙarshe na je na gaya wa komai, ta kuma taimake ni ba tare da ta goranta mani ba. Kalmarshi ta farko, bayan duk wahalar da na sha, "moto" ce. Uban ya yi sati yana taƙama.

Kunnen hagu bai dawo ba. Har yau a aji gaba yake zama, ta gefen da zai ba mushe kunnen dama, kuma in muna tafiya ni nake zagayawa in koma damanshi. Na taɓa tambayar likitan ko da an zo da wuri da an ceto shi. Ya ce Allah ne masani. Na san irin wannan amsa, ni ma ina ba mutane ita.

Na koma aiki, amma ba yadda na bar shi ba. Na daina tsayawa gaban masu ɗan fari ina ce masu su yar da kunya, don na gane ba za su yar ba, kuma ba ita ce matsalar ba. Yanzu tambayata ta farko ita ce, "Wa ke kiran shi a gidan?" In aka ce kaka, sai in ce a kira mani kakar, da ita zan yi magana. In kuwa na ga yarinya ita kaɗai da miji a gidan haya, ko mijin ya tafi ci-rani ya bar ta, sai in ja ta gefe in gaya mata abin da Inna ta gaya mani game da labule. Kuma ba na sa alama a layin suna sai na ga yaro ya juyo da idona, ko ɗan wane ne.

Mutane na ce mani ai ƙaddara ce, in daina zargin kaina. Na yarda ƙaddara ce, na kuma rage zargin. Amma tsoron bai tafi duka ba. Yanzu ya girma, ya kusa kamo ni tsawo, surutu kuwa sai an roƙe shi ya yi shiru. Kwanan baya ya dawo daga lakol yana fushi, ya ce mani, "Inna, don Allah ki daina ƙwala mani kira a hanya. Duk ajinmu ba wanda uwarshi ke kama sunan ɗan fari sai ke. Dariya ake mani, ana cewa ba ki da kunya."

Na ce mashi ya yi haƙuri, zan rage. Ya juya zai shiga ɗaki, ya ba ni baya. Ban san lokacin da na kira shi ba.

Ya waiwayo ya ce, "Mi kuma?"

Na ce ba komai, je ka.